Tsarkiyoyin Jitar Baba

Bukit Jalil,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yayata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da matsayinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Aliyu da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi, Ya sa wannan lalura ta zama kaffara, Ya saka miki da mafificin alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita ke kaɗai. Yaya Zariya, yaya damina? Na ji Mubina ta fara takawa, Allah Ya raya mana ita. Ni a nan jiki lafiya lau. Sakamakon digirina ya fito kamar yadda duk mai basira ya yi hasashe, wato daraja ta ɗaya a injiniyancin lantarki, yanzu bikin yaye mu kawai nake jira. Sai dai zuciyata ba ta zauna ba tun ranar Juma'a. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, zan kuma ba abokina Sharif takardar tunda jirginsa zai sauka Kano ranar Talata. Akwai maganar da in na ɗauko ta a waya sai harshe ya sarƙe, kin kuwa san sarƙewar harshe ba ɗabi'ata ba ce.

Ke kika riƙe wayar, saboda haka kin ga abin da ya auku, musabbabinsa ne ba ki sani ba. Tun bayan rasuwar Baba, da mantuwa ta ci ƙarfin Inna har ta daina shaida fuskokinmu, ƙofa ɗaya ta rage mana zuwa gare ta. Duk Juma'a, da hantsi a wajenku, la'asar a wajenmu, in ɗauko jitar Baba in kaɗa mata kiɗan nan da yake yi a tsakar gida idan ya taso daga aikin reluwe. Sai ta gyara zama, ta ambaci Malam, kamar yadda take kiran Baba, daga nan ta kira sunayenmu, har ta tambaya ko na ci abinci. Wannan Juma'ar na kaɗa, ta saurara, sai na ji tana tambayarki wane baƙo ne yake damun ta da ƙara, ta juya fuska bango. Kin aiko kina tambaya ko kuskure na yi a kiɗan. Yaya, ko yatsa ɗaya bai zame ba. Tsarkiyoyin na canza.

Kafin ki yanke mini hukunci, ki ba ni damar gabatar da hujjojina, domin a mahangar kimiyya matakin da na ɗauka ba shi da aibu. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ko riga ka shanya sai ta wuni tana yi maka gardama. Ƙarfe kuwa ba ya jituwa da laima. Tsarkiyoyin Baba sun yi tsatsa har suna baƙanta mini yatsu, ran nan ina cikin ɗaure ta uku sai ta tsinke, ta tsallake idona da ikon Allah. Ƙa'ida ita ce idan ɗaya ta tsinke a cikin tsofaffi a sauya su gaba ɗaya, don kada sabuwa ta riƙa ɗaga murya a kan 'yan uwanta. Na hau jirgin cikin gari zuwa Sentul, tsohuwar unguwar ma'aikatan reluwe, har na ɗauki hakan a matsayin kyakkyawar alama. A wani kantin kayan kiɗa na zaɓi marasa kauri, saboda wuyan jitar ya tsufa, masu kauri za su iya lanƙwasa shi. Na zaɓi waɗanda aka lulluɓe da wani siririn rufi mai hana tsatsa. Matar da ke kantin ta tambaye ni ko masu sauti garau nake so ko masu taushin murya, na ce ta ba ni mafi garau ɗin da ta mallaka, domin a tunanina Inna ta cancanci sautin da babu gurɓata a cikinsa.

Aikin ma na yi shi bisa tsari. Na sassauta kunnuwan da ake ɗaure tsarkiyoyin da su a hankali, na zare 'yan turakun da ke riƙe gindin tsarkiyoyin, na goge katakon har ya yi sheƙi. A nan ne na ci karo da abubuwa biyu da suka ba ni dariya a lokacin. Na farko, siririyar tsarkiyar can ta ƙasa ashe ba tsarkiyar jita ba ce, zare ɗaya ne Baba ya warware daga wayar birkin keke. Na biyu, a jikin jakin, wato ɗan katakon da tsarkiyoyin ke hawa, ya cusa wani ɗan yankin gwangwani, faɗinsa bai kai farce ba. Tun ina ƙarami nake jin wata zuzuniya a muryar jitar nan, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, kuma tun da na fara karatu na sanya mata suna naƙasu. Na ce yau na gano tushen cutar. Na tattara tsofaffin tsarkiyoyin da gwangwanin na zuba a kwandon shara, motar shara kuwa a nan ba ta saɓa alkawari.

Sai da Inna ta juya bango na fahimci abin da na aikata. Baba a cikin masu garaya ya tashi, garaya kuwa ba ta cika sai da 'yan ƙarafan nan masu kaɗawa suna zuza. Bai rasa kuɗin gyara ba, bai kuma rasa kunne ba. Da gangan ya koya wa kayan Turawa magana da harshen gida. Wannan zuzuniyar ita Inna take ji ta san mijinta ya dawo daga aiki, ni kuwa na bi ta da tsumma na share. Garin neman gira na rasa ido. Yahuza, abokin zamana a ɗaki, ya yi ƙoƙarin lallashina a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da muke cin abinci, yana cewa wai jita ai jita ce lah, kamar yadda 'yan garin nan ke ƙarasa magana, in saki raina.

Ban zauna ba. Na koma Sentul na sayo masu taushin murya, waɗanda ake naɗawa da siliki a ciki. Na sayi wayar birki a wajen masu kekuna kusa da tafkin Titiwangsa, na warware zare, na farko ya tsinke ya yanke ni a babban yatsa, na biyu ya zauna. Kullum ina kaɗa su har yatsuna su yi zafi, ba na kuma goge su, don gumi ya dusashe sabuntarsu. Ki duba wannan al'amari: injiniya guda yana wahalar tsofar da abin da ya sayo sabo. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Gwangwanin ne ya gagare ni. Na yanka na madara, na yanka na kifi, na gwada na lemo. Wani ya yi kaushi, wani ya yi shiru, babu wanda ya yi muryar Baba. Abin da na iya tunawa kawai shi ne gefe ɗaya na wancan ja ne.

Saboda haka ina roƙonki abu biyu. Ki daure ki je Tudun Wada wajen Kawu Abdulgani, tunda tare suka yi kiɗa da Baba tun suna samari. Ki tambaye shi gwangwanin mene ne, kuma ƙarƙashin waɗanne tsarkiyoyi ake cusa shi, a lanƙwashe ko a miƙe. Ki naɗo mini muryarsa a waya kafin Juma'a. In ya ga dama ya zage ni, kada ki yanke wajen zagin, ki aiko da shi duka.

Roƙo na biyu ya fi mini nauyi. Kin san yadda na ƙagu in sa rigar yaye ɗalibai in tsaya a gaban wayar, ki ce mata ga Tajuddeen ɗinki ya zama injiniya. Na janye wannan buri. Ranar Juma'a kada ki nuna mata fuskata, kada ki ambaci sunana. Ki kifa wayar a kan matashi kusa da kunnenta, ni kuma ba zan ce uffan ba, zan kaɗa kawai. Idan ta sake juyawa bango, ki kashe, mu sake gwadawa wata Juma'ar. Idan kuwa ta gyara zama ta ce Malam ya dawo, don Allah kada ki gyara mata. Ki ce eh, ya dawo.

Ki gaishe mini da Malam Aliyu, da Goggo Ɗelu, da Walida da Kamila, ki shafa mini kan Mubina. Ki miƙa gaisuwata ga Kawu Abdulgani tun kafin ki faɗa masa ɓarnar. Inna kuwa ki riƙe mata hannu a madadina, ba sai kin ce daga wa ba.

Wassalam. Ƙaninki mai jiran amsa,

Tajuddeen