Sunanka a Gindin Tukunyar Bature

Zuwa ga Yayana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa daga ƙaninka da ka bar wa rumfar gyaran butoci a unguwar Mahjar, nan ƙasar Larabawa. Shekara biyu ke nan da muka kai ka makwancinka, yau ce rana ta farko da na ji kunyar tuna ka.

Kullum kana cewa: "Kafin ka huda tukunyar mutum, tambaye shi me zai dafa." Ni kuwa ina yi maka dariya, wai ka cika bin diddigi.

Wata uku da suka wuce direban wani Bature ya kawo manyan tukwane uku na ƙarfe, a sa musu hitar lantarki ta ciki. Ban tambaya ba. Na huda gefe, na zura hitar, na sa roba na ɗaure tam. Aikin ya yi kyau har na yaba wa kaina. Sai na ɗauko tambarin nan naka na buga a gindin kowacce, "Sani Mahjar", kamar yadda kake yi wa duk abin da ya fita daga hannunka.

Shekaranjiya aka dawo da ɗaya, tana yoyo. Ina ɗaga murfi warin ya buge ni. Tsamin sha'ir ne, Yaya, irin wanda ke sa mu toshe hanci in mun ratsa bayan tasha a gida. Giya suke dafawa, a ƙasar da aka haramta ta.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In mota ta rage gudu a bakin rumfa sai in zaci 'yan sanda ne, ka san ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Amma wallahi ba kamun ne ya fi damuna ba. Kai da ko shayi ba ka sha a gidan da kake shakka, na je na manna sunanka a kan wannan abu.

Na gaya wa direban ba zan gyara ba, magana ta ƙare. Kafin ya zo ɗauka na sa magagari na goge sunan har yatsana ya fashe.

Sauran biyun suna can bayan katangar Turawa, inda mai gadi ba zai bar irina ya leƙa ba. Ban san yadda zan yi da su ba.

Ka yafe mini, Yaya. Allah ya haskaka kabarinka, ya ɗora laifin nan a kaina ni kaɗai.

Ƙaninka mai kewarka,
Habu