Dutsen Danne Kabeji

Litinin, 6 ga Nuwamba

Ma'aikatan gwamnati masu kula da kayan tarihi sun dawo tudun kabarin mutanen da, wanda ke bayan gonata. Sun kewaye shi da igiya. Gonar tawa ce, amma ko tsakuwa ba ni da ikon ɗagawa sai da takarda. Ƙarfe uku na kai musu shayi da kabejin gishiri, kamar yadda ake yi wa duk mai aiki a filin mutum.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Hoshino, yarinyar da ke jagorantarsu, ta nuna mini hoton da suka ɗauka da bazara. Dutse ɗaya mai jan fenti ya ɓace daga bakin kabarin. "Iya, ko kin ga wani yana zagayawa nan?" Na ce idona ya mutu, 'yar nan.

Dutsen yana ɗakin ajiyata, a kan gangar kabeji. Dutsen da nake danne kabejin da shi ne ya tsage, na ga wannan shafaffe, nauyinsa daidai. Shi ke nan fa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Hoshino ta ci kabejin har ta ƙara. "Iya, mene ne sirrin?" Maƙwabciyata Kikue ta yi caraf: "Sirrin me? Rowar gishiri ce kawai!" Kowa ya yi dariya. Ni kaɗai ban yi ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Shekarata saba'in da ɗaya. Ɓarauniya.

Talata, 14 ga Nuwamba

Shugaban Hoshino ya zo daga birni. A gabanmu ya wanke ta tas, wai ba ta iya tsare amana ba, ƙarshen wata za a cire ta daga aikin. Ta sunkuya tana ba da haƙuri, kunnuwanta jawur. Da ta juyo kuma ni ta ba haƙuri, wai sun cika mini gona da hayaniya. Na so ƙasa ta tsage.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na so in lallaɓa in mayar da dutsen ba wanda ya gani. To sai a ce Hoshino ce ta ɓoye shi.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Na tura dutsen a baro zuwa kabarin da rana tsaka, ta gaban gidan Kikue. Duk wankin da na yi yana warin tsami. Hoshino ta daɗe tana kallona, ba ta sunkuya ba. Ta miƙo takardar shaidar cewa ni na ɗauka, ta ce, "Rubuta sunanki da kanki, Iya."

Na rubuta Tsuneko, manya-manya.