Alli Ɗaya a Ƙofar Gida Mai Ɗaki Tara

Zuwa ga Jami'in Rigakafi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da iyali, da kuma firijin ajiye magani, wanda muka ji ya fi mu samun wuta.

Ni mai gyaran rubutu ne a wata maɗaba'a a Abuja. Ina haya a Kwamba, a gida mai ɗaki tara da masai ɗaya. Ga kukana.

Na ɗaya. Ran Asabar ɗin da ta wuce, ma'aikatanka biyu suka zo ɗiga maganin shan inna. Ɗakina ne na farko daga zaure. Suka ɗiga wa 'yata Hauwa mai shekara biyu, suka sha ruwa, suka ja alli a ƙofar gida alamar an gama, suka wuce. Ranka ya daɗe, ƙofar ɗaya ce, amma ƙananan yara goma sha ɗaya ne a bayanta. Washegari masu bin sawu suka zo, suka ga allin, suka ɗaga mana hannu.

Na biyu, kuma a nan ina da nawa kason laifi. Da aka taru a tsakar gida ana tambayar me ke cikin kwalbar, na faɗi abin da na karanta: ƙwayar cutar ce da kanta, an karya mata ƙarfi, kuma yaron da ya sha yakan fitar da ita a bayan gida na 'yan makonni. Ban dire maganar ba gida ya rabu biyu. Malam Isa tela na ɗaki na uku ya ce shi ke nan, gwamnati ta kawo mana cuta har gado. Ya hana 'ya'yansa wasa da Hauwa, matarsa kuma ta kori fon yarinyar zuwa bakin bola. Mama Rahila ta ɗaki na shida, malamar firamare 'yar Filato, ta ce tunda abin yana yaɗuwa da ƙafarsa, me zai kai ta bin layi a rana? Kullum sai ta turo tagwayenta su ci kwano ɗaya da Hauwa, wai su kwashi rabonsu. Yarinya dai dodo ce a ɗaki na uku, asibiti ce a ɗaki na shida. Tuwona ne ke ji a jikinsa.

Na uku, ga ragowar maganar da ba a bari na ƙarasa ba. Kowannensu ya riƙe wutsiyar gaskiya. Raunanniyar ƙwayar takan tsallaka ga ɗan maƙwabci ta ba shi kariya, amma wannan caca ce, ba rigakafi ba. Kuma in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a ɗiga musu ba, a wani lokaci da ba kasafai ba, takan sauya hali ta farfaɗo. Maganin tsoron Malam Isa da na dabarar Mama Rahila ɗaya ne: a ɗiga wa kowa lokaci guda. Na gwada faɗa wa Malam Isa a shagonsa, ya ce karatun jarida ba likitanci ba ne, ya ci gaba da taka keke. Ban musa masa ba.

Don haka ina roƙo. A dawo gidanmu, a ƙirga ɗaki, ba ƙofa ba. A haɗo masu ɗigawa da wanda zai zauna a kan tabarma ya amsa tambaya ba tare da duba agogo ba. In da hali ya sa farar riga, ta fi bakina kwarjini. A zo ran Lahadi bayan Azahar, lokacin an taso daga coci, mu masu sammakon Abuja kuma muna gida.

Ba don tuwo kaɗai na rubuto ba. Autan Malam Isa ya fara dafa bango yana miƙewa a makon nan. Ubansa ya daina amsa gaisuwata, amma ina so in ga yaron nan yana gudu a tsakar gida da ƙafafunsa biyu.

Allah ya yi riƙo da hannunka, ya sa abin da kuke ɗigawa ya fi abin da kuke zanawa yawa.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u Garba, Kwamba, Suleja