Gafiyar Barau da Ƙirjin Baba

Turawa, ƙasar Karaye,
Disamba, 1955.

Zuwa ga Yayana Ƙasimu, a Gusau.

Bayan gaisuwa mai yawa da so da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Zaituna da yara. Yaya sanyi, yaya aikin reluwe? Allah ya taimaka, amin. Kada ka yi dariyar rubutun, hannuna ne. Ajin yaƙi da jahilcin da na shiga bara ya yi mini rana, don akwai maganar gida da ba zan zauna gaban mai rubutun kasuwa in faɗa ba.

Baba ba shi da lafiya. Fukar nan tasa ce ta tashi, amma ba irin tashin da ka sani ba. Ya bar masaƙarsa, zaren yana nan a miƙe kaji na hawa. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake kwana, ya jingina da bango. In zai ce alhamdu lillahi sai ya huta a tsakani. Daga bakin randa ina jin ƙirjinsa yana kuka.

In ka tambayi abin da ya jawo, ƙaninka ne, Barau, autan Baba. Tun da aka gama girbi ya je kasuwar Karaye ya sayo wata tsohuwar rigar soja da maɓallanta suka zube, ya shiga ayarin Jibo maharbi. Mutumin da bai taɓa wuce Gwarzo ba, yana taku kamar wanda ya dawo daga yaƙin Bama. Kullum hantsi sai su tattara karnuka da kulake su cinna wa dajin gabas wuta. Kada ka ɗauka ko zaki suke nema. Gafiya ce, Yaya. Ƙatti da gemu, wasu da jikoki, suna gudu cikin toka suna ihu a bayan ɓera.

Iska kuwa daga gabas take zuwa, duk hayaƙin a kanmu yake sauka. Rana takan zama ja kamar garwashi, ka dube ta ido buɗe. Baƙar toka tana faɗowa cikin fura, cikin tulu, kan shanya. Mu masu sauran ƙarfi idanunmu ke yaji. Tsofaffi su ke biya da ƙirjinsu.

Na yi abin da zan iya. Na mayar da murhu can bayan rumbu. Na jiƙa zane na rataya a ƙofar Baba, in ya bushe in sake jiƙawa. In zai tafi masallaci ina ɗiga ruwa a bakin rawaninsa ya rufe hanci. Kaskon wutar da yake jin ɗumi da shi ma na fitar daga ɗakin, kuma wannan ya ɓata masa rai, ya ce na zo in kashe shi da sanyi. Yanzu dutse nake gasawa in naɗe a tsumma in sa masa a ƙafa, na ƙara masa da gwadona.

Na tare Barau a zaure na yi masa magana cikin lalama. Ya gyara wuyan rigarsa ya ce hayaƙi maganin ƙirji ne, shi ke narkar da majina, kuma kakanninmu ma sun ƙona daji. Ni dai na san kakanmu, saƙa ya yi har ya koma ga Allah. Jiya kuma sai ga shi da gafiya, ya riƙo ta a wutsiya, wai tsarabar Baba ce. A tsakar gida, daidai ƙofar marar lafiya, ya tara kara ya hura wuta ya babbake ta. Ni na kwara wa wutar ruwa, shi ya yi fushi.

Don Allah ka rubuto masa. Kai babba ne, ko ya ji taka. Baba yana sa maka albarka. Ka gai da Zaituna, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Rekiya.

*

Turawa,
Janairu, 1956.

Yaya Ƙasimu,

Gaisuwa irin ta ƙanwa ga wa, tare da tambayar lafiyarka da ta iyali. Takardarka ta iso, da man shafawar da ka aiko wa Baba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Wadda ka rubuto wa Barau ni na karanta masa, tun da shi ya fi ƙarfin zama ajin karatu. Ya saurara yana sakace. Da na gama ya ce, “Mutumin da ke cin abinci da hayaƙin jirgin ƙasa, shi ne zai yi mini wa'azin hayaƙi?” Jibo ya yi dariya har da buga ƙafa. Ban san ƙaninka yana da baki haka ba. Da ma hankalin ya kamo ƙafar bakin.

Na ɗora Baba a jaki na kai shi ɗakin shan magani na Karaye. Malamin asibitin ya saurari ƙirjinsa, ya ba mu magani a kwalba, ya kuma gaya mini gaskiya. Ya ce magani ba zai yi aiki ba muddin tsoho yana shaƙar abin da ke tayar da ciwon. Ya ce in riƙa tsare shi a ɗaki in hayaƙi ya turnuƙe, in yawaita ba shi ruwan ɗumi, in kuwa da hali in ɗauke shi daga garin gaba ɗaya.

Mun je gaban dagaci, ni da wasu dattawan mata da ke da tsofaffi a ɗaka. Muka durƙusa muka faɗi kukanmu. Ya ce zai duba. Yana faɗa ina kallon cinyar gada a rataye a bayansa, ƙuda na bi. Wani malamin daji ma ya zo a kan keke, ya tara mutane ya karanta musu doka da babbar murya. Da zai tafi na ga ƙunshin ganye ɗaure a bayan kekensa, yana ɗigar da mai. Washegari wutar ta fi ta kullum.

Yaya, Malam Daudu ladan ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka san shi, aminin Baba tun suna samari, wanda yakan ba mu goriba in mun je gaishe shi. Ranar Talata ya hau kiran la'asar cikin hayaƙin nan. Ina daka na ji ya ɗauko, ya kai tsakiya, sai tari ya sarƙe shi. Na tsayar da taɓarya ina jiran ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba, wani ne ya karɓa. Bai sake tashi daga shimfiɗa ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ka ji abin da mazajen garinmu suka yi ranar jana'iza. Don kada yinin ya tafi musu a banza, sai da suka fara kai wa daji wuta, sa'an nan suka zo. Suka ɗaure karnukansu a gindin marke, suka shiga sahu da toka har gwiwa. Ana zuba wa Malam ƙasa, hayaƙinsu yana bi ta kan maƙabarta. An ce Barau ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a.

Baba ya ƙi jin roƙona, ya ce sai ya raka amininsa. A kafaɗa aka dawo mini da shi, leɓɓansa sun yi baƙi. Na zauna ina yi masa fifita, na ɗauka shi ke nan.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa na ce masa mu tafi Rogo Ruma wajen Gwaggo Tani, ƙanwarsa. Ya ƙi. Ya ce nan aka haife shi, nan kabarin Inna yake, kuma ba za a ce gafiya ta kore shi daga gidan ubansa ba. Sai na faɗa masa maganar da ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba. Na ce, “Baba, in ka mutu a nan, Barau ne zai sa ka a kabari, da hannun da yake ƙyasta ashana.” Ya dube ni. Na fita bayan rumbu na yi kuka, don na ga inda maganar ta soke shi. Ka san yadda yake son yaron nan.

Da safe ya kira ni ya ce in ɗaure masa kayansa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu kama hanya tun da sassafe, kafin jarumawa su tashi daga barci. Ka taya mu da addu'a. Gaisuwa ga kowa da kowa.

Taka,
Rekiya.

*

Rogo Ruma,
Fabrairu, 1956.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya jikin ƙaramin da ka ce yana haƙori? Allah ya raya mana shi. Gwaggo Tani tana gaishe ka, ta ce ka manta da ita tun da ka zama na Turawan jirgi.

Albishirinka. Baba yana kwanciya ya yi barci kamar kowa. Ranar da na fara jin minsharinsa sai na tsaya a ƙofa ina saurare kamar mai jin kiɗa. Tafiyar ta ba shi wuya, sai da muka yada zango a hanya, kuma mun ratsa wurare da dama da aka ƙone ƙurmus, babu ko tsuntsu. Amma nan gonaki ne suka zagaye gari, daji yana nesa, abin da ke isowa na hayaƙi kaɗan ne. Gwaggo kuwa, Allah ya biya ta, ranar da muka sauka ta kwashe kaskon ƙosanta daga tsakar gida ta mayar bakin hanya, ta hana kowa turare a ɗakin da yake. Yanzu yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana cin tuwo, har ya fara yi wa masaƙan garin nan gyara a aikinsu, su kuwa suna haƙuri da shi. Tarin bai rabu da shi duka ba, kuma ban sa rai zai rabu ba.

Sai kuma labarin ƙaninka. Dagaci zai naɗa shi Sarkin Baka, shugaban maharba. Ka ji. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗana kibiya ba. Ashe duk gafiyoyin nan da aka yi ta kaiwa zauren dagaci ba a banza suka mutu ba. Sai dai magana ta yi yawa a Turawa, mata a bakin rijiya suna cewa ga wanda ya kori ubansa da hayaƙi. Dagaci ya ce ba zai yi naɗi ba sai ko dai tsoho ya dawo ya zauna a wurin, ko a ji daga bakinsa cewa ya yarda.

Wannan maganar ce ta kawo Barau Rogo ranar Juma'a. Ba duba jiki ba. Ya zo da Jibo da buhun banda. Tun daga zaure warin ƙauri ya riga shi shigowa, ya kama rigarsa da hularsa da gashin kansa, amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya shiga ɗaki ya durƙusa dab da Baba, ya fara jawabin da na tabbata a hanya Jibo ya koya masa: gida ya yi kewa, masaƙa tana jira, wutar bana ma ta kusa ƙarewa tun da dajin ya ƙare.

Bai kai ƙarshe ba Baba ya fara tari. Na miƙa masa ruwa ya sha. Sa'an nan ya ce, a hankali, ba faɗa, “Barau, ja da baya kaɗan in sami iska.”

Ya ja. Baba ya ce, “Ƙara.” Ya ƙara. Haka har ya fita daga ɗakin, ya tsuguna a tsakar gida cikin kajin Gwaggo, Sarkin Baka guda. Daga nan Baba ya ce masa, “To, nan ya yi. Ka gaya wa dagaci ban hana ba. Allah ya shirye ka.” Gwaggo ta sa Jibo ya fitar da buhunsa waje.

Na raka Barau zaure, don duk lalacewarsa ciki ɗaya muka fito. Ya tsaya yana murza hula, idanunsa sun kaɗa. Wallahi Yaya zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai abin ya taɓa shi. Na jira. Ya buɗe baki ya ce, tun da Baba ba zai zo ba, ko zai ara masa babbar rigarsa ta saƙi, wadda yake sawa ranar idi, don ba shi da abin da zai sa ranar naɗi.

Na koma na faɗa wa Baba yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya kalli ƙofa. Ya ce, “Ba shi. Ki ce ba aro ba ne. Ni ba ni da sauran idi a Turawa.”

Na ɗauko na ba shi. Ya karɓa, ya buɗe ta a rana ya duba ko asu ya ci, ya ga lafiya lau take, ya washe baki. Ya ce in yi wa Baba godiya. Bai koma ya yi da bakinsa ba, wai kada rana ta yi musu a hanya.

In za ka zo da hutu, kada ka ɓata ƙafarka zuwa gida, ka wuto nan kai tsaye. Ka zo da yaran, Baba yana ambatonsu. Takarda ma nan za ka riƙa aikowa, gidan Tani mai ƙosai, kowa ya sani. A Turawa ba mu da kowa yanzu sai Sarkin Baka.

Allah ya sada mu da alheri. Ka huta lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Rekiya.