Mujitaba Ya Zama Gidan Rediyo

Tiga, Bebeji
12 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga ɗana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka a can Kanada. Yaya sanyi? Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan tawa da ka sani. Innarku tana gaishe ka. Da hannuna na rubuta wannan, ƙanwarka Asma'u za ta ɗauki hotonta da waya ta turo maka in ta taso daga koyarwa.

Saƙonninka na murya suna isowa, kuma duk na saurara. Tabɗi! Ashe gidan rediyo na haifa ban sani ba. Na ji Amurka ta lafta wa kayanku haraji, na ji gwamnatinsu ta tsaya cik, ma'aikata suna aiki ba albashi. Na ji ka rantse ba ka ƙara sayen ko lemon kwalba in dai daga can ya fito, tunda sun ce za su mai da ƙasarku jiharsu. "Mu 'yan Kanada" kake cewa yanzu, kai da aka yanke wa cibiya a bakin dam. Innarku ta yi dariya har da hawaye. Na kuma ji 'yan wasan Toronto sun lallasa na New York a wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki a ruga a guje. Allah ya ƙara musu ƙarfin hannu, ni dai ban san inda aka dosa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar gonar rani. Da ka zo bara ka ce in huta, in bar wahalar ban ruwa, kai za ka riƙe gidan. To Nazifi, ɗan maƙwabcinmu Malam Alasan, ya zo neman aronta na shekara biyar. Ka san yadda ake yi: in an je gaban mai unguwa an shaida, ya dasa tumatirinsa, babu mai cewa ya tashi sai wa'adi ya cika. Gonar nan ita kaɗai gare mu. Na tambaye ka sau biyu ta bakin Asma'u, sai ka amsa mini da farashin ƙarfe.

Raina bai kwanta ba, Mujitaba. A da ranar Lahadi kawai muke jin muryarka, minti biyu, kana hamma, kana cewa kamfanin kayan motar nan da kake wa aiki ya tatse ka. Yanzu kullum ne, kwatan awa guda, wani lokaci har sau biyu. Yaushe ka samu wannan sarari? Ka ba ni amsa kan gonar.

Ka gaida limaminku. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Alkasim Tiga


Tiga, Bebeji
3 ga Nuwamba, 2025

Ɗana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma muna nan yadda ka bar mu. An gama yankan shinkafa, ruwa ya fara ja da baya.

Ina yi maka jaje. Na ji 'yan Toronto sun sha kashi a wasan ƙarshe, kofin ya tafi Amurka, bayan saura ƙiris. Yadda muryarka take rawa, na ɗauka rasuwa aka yi. Da kakarka ta cika ma ban ji ka haka ba. Haba, Mujitaba! A kan ƙwallon kulki?

Ba zan ɓoye maka ba, na yi maka mummunan zato. Ranar kasuwar Tudun Wada na ga samari cunkushe a wani shago, idanu jajur, kowa riƙe da 'yar takarda, wai caca suke a kan ƙwallon Turai. Na ce shi ke nan, abin da ya ci yaron nan ke nan, shi ya sa ya san sunan kowane ɗan wasa da na ubansa. Kwana uku abinci ba ya wuce mini. Asma'u ta ce in ji tsoron Allah, yayanta ba ya caca. Innarku kuma ta ce wataƙila siyasa ka shiga, za ka tsaya kansila a can. Na ce mata ta rufa mini asiri.

Daga baya na sa Asma'u ta sake kunna mini saƙonnin tun daga watan Yuli, ɗaya bayan ɗaya. Ban saurari abin da kake faɗa ba, bayanka na kasa wa kunne. A da nakan ji ƙarar inji, ko hayaniyar motar haya. Yanzu shiru, sai talabijin ƙasa-ƙasa da cokali yana buga kofi. Na tambaye ta in la'asar ta yi a nan, ƙarfe nawa ne a wurinku. Ta ce hantsi ne. Wane kamfani ne yake barin ma'aikacinsa ya zauna gaban talabijin da hantsin Talata yana zagin majalisar Amurka? Kuma wata huɗu ke nan kalmar "wurin aiki" ba ta fito daga bakinka ba. Ka ce harajin nan ya sa ana sallamar mutane a garinku, ka faɗi adadinsu, ka faɗi unguwanninsu. Mutum ɗaya ne ba ka ce komai a kansa ba.

Mai yiwuwa tsufa ne yake sa ni zarge-zarge. In haka ne, ka yafe mini. Amma irin tumatirin Nazifi ya isa dashe, kuma ba zan riƙa yawo da hankalin ɗan mutane ba. Ni na ɗauki maganarka ta bara a matsayin magana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu je gaban mai unguwa in ba shi gonar, sai fa in na ji wani abu daga gare ka.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifinka,
Alkasim


Tiga, Bebeji
9 ga Nuwamba, 2025

Mujitaba, ɗana,

Assalamu alaikum. Yaya jikinka, yaya zuciyarka? Muna lafiya. Ka kwantar da hankalinka ka karanta wannan a zaune.

Sai da na sa babbar riga ranar Juma'a, Nazifi yana tsaye a ƙofar gida, sannan Asma'u ta biyo ni zaure da waya, ta ce kai ne, kuma ba saƙo ba ne, kira ne. Ka ce, "Baba, kar ka ba da gonar." Ina jin numfashinka a wayar. Wallahi ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar na lokacin ba. Ka ce tun Yuli aka sallame ku, ka ce kana nema. Ban iya ce maka komai ba sai "to", shi ya sa nake rubutawa.

Na fita na ba Nazifi haƙuri. Bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya. Sai da na je har gida na duƙa wa Malam Alasan, mutumin da na girme wa da shekara shida. Mun daidaita: bana Nazifi zai dasa rabi, ni in riƙe rabi, ba shaida, ba wa'adi. Jiya na shiga da fartanya. Gwiwar ta yi ƙorafi, na ce ta yi ta yi.

Kana mamakin yadda na gane? Akwai abin da ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba. Shekarar da ruwan dam ya ci garinmu, ina saurayi, aka kwaso mu aka zube a nan, ba gona, ba sana'a. Na sayar da akuyata na sayi rediyo. Shekara biyu ina zaune gindin bishiya da ita a kunne. A lokacin ne shugaban Amurka ya sauka daga mulki saboda abin kunya, kuma ba wanda ya kai ni sanin zancen a duk Bebeji. Na san tsadar man fetur a ƙasashen da ban iya nuna su a taswira ba, na san kowane ɗan damben duniya. Har Ministan Waje ake kirana, ina washe baki. Alhali tsoro ne fal cikina. In ina zancen Amurka, ba mai tambayata abin da zan yi da rayuwata. Kakanka kullum yakan zo ya tsaya a kaina kamar zai yi magana, sai in ƙara wa rediyon murya, sai ya wuce. Ya rasu ban taɓa kashe rediyon nan na ce masa ina cikin damuwa ba. Yau shekara hamsin abin yana cina.

Ban yi fushi da kai ba. Haushina ɗaya, da ka bar ni na kusa ba da abincinmu don kar ka ji kunya. Kunyar me? Kai ka sa harajin? In aikin ya samu, alhamdu lillahi. In bai samu ba, ɗakinka yana nan, kuma ba a taɓa korar mutum daga kaftun gona ba.

Ban gaya wa innarku ba. Wannan naka ne, ka kira ta da bakinka, har yanzu kansila take jira. Labarin Amurka kuma ka ci gaba da turowa in kana so, na fara sabawa, har ina jin haushinsu ni ma. Amma daga yau ka fara da gaya mini abin da ka ci, da ko ka yi barci.

Allah ya buɗa maka, ya yi maka albarka duniya da lahira.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Alkasim