Motar da Ba Ta Son Tsayuwa

Litinin, 3 ga Yuni

Ta sake mutuwa. A shingen sojoji na fita Mafara, ina taka birki allurar mitar inji ta faɗi, shiru. Muddin ana gudu lafiya lau take, turbo na ta fito kamar sabuwa. Tsayuwa ce ba ta so. A gari abin dariya ne. A hanyar Maradun, inda rami kan tilasta maka sassautawa a tsakiyar daji, ba dariya.

Aka ɗauko ni daga Azare aka jefo nan in riƙa kai allurar rigakafi, ba wanda ya tambayi da me zan je.

Laraba, 5 ga Yuni

Rilwanu bakanike ya canza filogi. Ya wanke totur. Ya ce ƙila mai ne. Ba mai ba ne.

Alhamis, 6 ga Yuni

Kusa da Dosara. Na sassauta don wani rami, ta mutu. Babura biyu can nesa, sun nufo ni. Na murɗa makulli, ta ƙi. Sai a na uku ta tashi. Manoma ne ma, da buhunan taki, har sun ɗaga mani hannu.

Ban gaya wa matata Hauwa'u a waya ba. Na ce mata an yi ruwa.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na tuna wani abu, na so ban tuna ba. Makon jiya da na fito da safe na iske Buba yana rufe bonet. Buba mai gadin gidan da nake haya, Bafulatanin da aka kore wa shanu kaf. Ya ce kyanwa ya kora. Washegari ciwon ya fara.

Na yi suɓul da baka gaban Ishaq, abokin aikina. Ya ce me nake jira, in faɗa wa 'yan sa-kai, haka masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke yi, su lalata maka mota ta tsaya inda aka shirya. Na san yadda ake komowa daga hannun 'yan sa-kai. In an komo.

Ba na son Buba. Gaisuwarsa ta fi hanya tsawo. Amma ba zan ba da sunan mutum a kan kyanwa ba. Sai na gani da idona.

Asabar, 8 ga Yuni

Buba ya kawo mani nono. Ban sha ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na tsare Rilwanu, na ce yau ba canje-canje, mu saurara. Muka bar ta a silo, tana aiki a tsaye, na danne totur kaɗan kada ta mutu. Can ƙasa wani siririn huci. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, har ɗan ƙaramin da ke bayan inji ya tsotse kumfar. A tsage yake. Ya ce a guje turbo na cika ta da iska, ba ta ji. In aka tsaya sai ta zuƙi iskar da ba ta yi lissafi da ita ba, ta shaƙe.

Abin da ya tsaga shi yana nan a rataye. Laya, an ɗaure da waya, wayar ta ci roba. Rilwanu ya canza tiyon.

Na kai wa Buba a tafin hannu. Ya duba ta, ya ce:

"Ni na ɗamre ta, Malam. Ta tsohuwata Adda ce. Na ga kana bin hanyar nan kai ɗai, kuma na san in na ba ka hannu da hannu ba ka amsa."

Gaskiya ne, ba zan karɓa ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na ce wa Ishaq tiyo ne, ya rufe bakinsa kada ya kai maganar Buba ko'ina. Na maimaita masa har ya ji haushi.

Bakura yau. Shinge huɗu, ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Buba ya ce yana da 'yar'uwa a Morai, na rage masa hanya. Tun da kujerar gaba ba kowa.

Layar tana cikin aljihun ƙofa. Ban dai sami lokacin mayar masa ba.