Inuwar Hannuna a Jikin Ƙyalle

Daren Alhamis, ƙarshen damina, Guri

Yau na haska majigi a garinmu. Tun la'asar nake fama. Na goge gilasan hotuna, na jera su bi da bi, na ɗaure farin ƙyalle tsakanin giginya biyu. Raɓar fadamar nan kuwa jaraba ce: gilashi mai sanyi yana shiga fitilar majigi sai ya yi gumi, hoto ya dushe. Sai na cusa su cikin riga suna ɗumi a ƙirjina.

Komai ya tafi daidai. Malam duba-gari yana ta zuba bayanin tsargiya, shi ake kallo, ni ina baya tare da sauro. Abokan da muka taso muna kamun kifi suka wuce, ɗaya ya ce, "Sannu, yaron Nasara." Na ce, "Yawwa, jikan tarwaɗa." Na rama, amma raina bai yi sanyi ba.

Inna nake so ta ga aikina. To mata a bayan ƙyalle suke zama, kuma ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta dube ni.

Wajen hoton ƙarshe ƙarfen fitila ya ƙone ni. Na fizge hannu, inuwarsa ta gilma a ƙyallen, har da karkataccen yatsan nan nawa. Aka kwashe da dariya.

Da na dawo na tarar da zuma a 'yar ƙwarya, a ƙofar ɗakina. Ɗakin Inna a rufe. Na shafa a ƙunar, na zauna ina kallon ƙofar tata.